Daga Madugu Zuwa Ƙaramin Jakada: Tarihin Kula da Matafiyan Ƙasar Sakkwato a Hanyar Gabas

1.0 Gabatarwa

Kajiji gari ne a Ƙaramar Hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, kudu da Boɗinga da Sifawa, watau cikin yankin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi suka zauna bayan an ci Alƙalawa cikin 1808. Manomin wannan gari, in ya yi niyyar sauke farali a yau, zai biya kuɗin kujera a hannun hukumar alhazai ta jiha, a yi masa fasfo da biza da allurar riga-kafi, ya hau jirgi a Sakkwato, cikin 'yan sa'o'i ya sauka Jidda ko Madina. In fasfonsa ya ɓace, ko ya kwanta ciwo, ko 'yan sanda suka kama shi, ko kuwa ajali ya cim masa a can, akwai ofishin da doka ta ɗora wa alhakin bin kadinsa. Kakan kakansa da ya bi hanyar nan da ƙafa ko bisa jaki bai san irin wannan ofishi ba. Duk da haka akwai waɗanda suke tsaya masa in ya shiga uku a ƙasar da ba a jin harshensa.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin yadda wannan alhaki ya tashi daga hannun madugu da mai masauki ya koma hannun hukuma, a kuma duba abin da talaka ya samu da abin da ya rasa cikin wannan canji. An ɗauki mutumin Kajiji ne ya zama ma'auni. A kowane zamani za a tambaya: in wahala ta same shi tsakanin Tafkin Cadi da Makka, wa zai kai wa kuka?

Kafin a shiga bayani, ya kamata a bambanta kalmomi biyu da akan cuɗanya. Jakada shi ne wakilin gwamnati a wurin wata gwamnati, aikinsa hulɗa da sarakuna da ministoci. Ƙaramin jakada kuwa, wanda Larabawa ke kira ƙunsul, aikinsa yana kan mutum ɗaya ɗaya: ba da takardun tafiya, ziyartar wanda aka tsare, tattara gadon mamaci, da mai da wanda guzuri ya ƙare masa gida. Aikin na biyun ne abin nazari a nan.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Shehu Usmanu bai sami zuwa Hajji ba, haka ɗansa Muhammadu Bello, ko da yake malamin Shehu, Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya je. Shehu Abdullahi ya kama hanya cikin 1807, sa'ad da ransa ya ɓaci da son duniya da ya ga ya fara shiga jama'a, amma a Kano aka tsai da shi, ya zauna ya karantar, ya wallafa Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya juyo. Daga baya ya zauna Boɗinga, Shehu kuwa yana Sifawa har 1815. Wannan ya nuna nauyin tafiyar a wancan zamani. Wanda ya tashi yakan raba gadonsa, ya yi sallama da iyali sallamar da ba a sa ran sake ganawa, domin tafiyar shekaru ce.

Matafiyi ba ya tafiya shi kaɗai, ayari yake bi. Shugaban ayari shi ne madugu, yana da jagaba mai shiga gaba da sanin hanya, da uban dawaki, da malami mai addu'a da rubutu. Madugu ne ke magana da sarakunan ƙasashen da za a ratsa, shi ke daidaita fito da kuɗin hanya, shi ke raba gardama, kuma in wani ya rasu, a gabansa ake lissafa kayan mamaci a damƙa wa amintacce har a sadu da magada. In an sauka gari, sai a faɗa hannun fatoma ko mai gida, wanda zai ba baƙo masauki, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta a kasuwa, ya tsaya masa a gaban alƙali. Inda Hausawa suka yi yawa, kamar Salaga da Kumasi a hanyar Gwanja, sai su yi zango su naɗa Sarkin Zango, wanda shi ne bakinsu a fadar mai gari. Duk wanda ya kwatanta waɗannan ayyuka da na ƙaramin jakada na yau zai ga kusan abu guda ne, sai dai madugu da fatoma ba albashi suke ci ba, la'ada da mutunci suke nema, kuma ba sa tambayar baƙo takarda. Harshensa da addininsa da wanda ya san shi su ne shaidarsa.

Hukuma ma tana da nata hannu. Malaman fiƙihu sun yi bayanin amana, watau alƙawarin tsaro da shugaba ke ba baƙon da ya shigo ƙasarsa, kuma sarakuna kan ba manyan matafiya wasiƙa mai hatimi zuwa ga takwarorinsu. Irin wannan takarda ce Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ba Bature Barth cikin 1853. Tun kafin nan, cikin 1824, da Clapperton ya zo Sakkwato, Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Ingila George na Huɗu wasiƙa, cikin abubuwan da aka yi magana a kai har da aiko ƙaramin jakada da likita. Ashe ke nan fadar Sakkwato ta san wannan muƙami kusan shekara tamanin kafin Turawa su ci ƙasar. Sai dai wasiƙar sarki ba ta kowa ba ce. Malami sananne kamar Alhaji Umaru Futi, wanda ya ratsa Sakkwato a hanyarsa ta zuwa Makka ya kuma zauna a cikinta da ya komo, shi ake rubuta wa. Talakan ƙauye kuwa madugu ne gatansa.

3.0 Hijirar 1903 da Mulkin Turawa

Ranar 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, manoma da malamai da bayi da 'ya'yan sarauta. An daɗe ana riƙe da zancen cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za ta yi hijira zuwa bakin Nilu, saboda haka mutane da yawa suka ɗauka lokacin ne ya yi. Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Daga nan hanyar ta buɗe. Faransa ta ci Wadai cikin 1909, Ingilishi suka ci Darfur cikin 1916, jirgin ƙasa ya iso Kano ta wannan gefe, ya kai Al-Ubayyid ta wancan. Mutumin Kajiji na shekarun 1920 zai bi ta Kano ya kai Maiduguri, ya ƙetare zuwa Fort Lamy (Njamena ta yau), ya wuce Abeshe da Janaina da Fashir, har ya kai Nilu. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar cikin 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai alhazan ƙafa suka zama 'yan ƙodagon da ake nema ruwa a jallo. Mutum zai tsinci auduga shekara biyu ko uku ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Wani ya tara ya wuce, wani kuwa aure da 'ya'ya da bashi su riƙe shi har tsufa.

A idon dokar Turawa, wannan mutum yana ƙarƙashin kariyar Ingila, saboda haka ofishin ƙaramin jakadan Ingila a Jidda shi ne nasa. Amma abin da ya fara jawo hankalin Turawa ga wannan hanya tsoro ne. Suna fargabar aƙidar Mahadiyya ta biyo alhazai daga Sudan ta shigo Arewa. Razdan na Barno, H. R. Palmer, ya bi hanyar da kansa daga Maiduguri har Jidda ya rubuta rahoto cikin 1919. An kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa cikin 1923 bisa zargin shirya tawayen Mahadiyya, sa'an nan aka tura G. J. Lethem ya sake bincikar hanyar cikin 1925. Abu na biyu shi ne annoba, musamman kwalara, wadda ta sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kiwon lafiya ta Faris cikin 1926, wadda ta tanadi tsare alhazai a bincika lafiyarsu. Abu na uku kuɗi ne: matalautan da suka maƙale a bukkoki bayan ganuwar Jidda, in za a mai da su gida, wa zai biya?

Maganin da Turawa suka kawo shi ne takarda. Aka shirya cewa maniyyaci ya karɓi takardar tafiya a Maiduguri, ya ajiye kuɗin jingina na komowa, a yi masa lamba, ya ƙetare teku ta Sawakin kaɗai. Wanda yake da hali ya bi. Wanda ba shi da shi, kuma su ne suka fi yawa, sai ya zagaye, ya bi ta Masawa cikin Eritiriya da ke hannun Italiya, ko ya ba masu kwalekwale kuɗi su ƙetar da shi da dare su zubar da shi a wani gaɓar da babu ruwan sha. A nan ne aka fara samun rabuwar da har yau ba ta gushe ba, tsakanin matafiyin da hukuma ta sani da wanda ba ta sani ba.

Akwai taimako guda da ya kamata a ambata don adalci. Bauta ba ta ƙare a Hijaz ba a wancan zamani, kuma akan yaudari alhazan Afirka ta Yamma a sayar da 'ya'yansu, wani lokaci ma abokin tafiya ne ke sayarwa. Da aka ƙulla Yarjejeniyar Jidda cikin 1927 tsakanin Ingila da Sarki Abdul'aziz, Ingila ta riƙe ikon 'yanta duk bawan da ya gudo ya faɗa ofishinta, a ba shi takardar 'yanci a fitar da shi daga ƙasar. An yi amfani da wannan iko har 1936, lokacin da Ingila ta sake shi. Saudiyya ba ta haramta bauta gaba ɗaya ba sai cikin 1962. Ga yaron da aka sace a hanya, ƙofar wannan ofishi ita ce iyaka tsakanin bauta da komawa gida, in har ya san da ita kuma ya iya kai kansa.

Sarakuna da attajirai kuwa wata hanya suka bi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji cikin 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya je cikin 1937. Waɗannan an tarye su da girmamawa a kowane zango, domin gwamnati ce ta shirya musu tafiyar.

4.0 Ofishin Alhazai, 1953 Zuwa 1963

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan kasuwar Kano suka shiga jigilar alhazai da manyan motoci, daga baya da jiragen sama. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni, ta koma ta kwanaki. Masu ilmin zamani suka fara zuwa suna ganin halin da 'yan'uwansu ke ciki da idonsu. Cikin 1953 Abubakar Imam, wanda a lokacin ɗan Majalisar Wakilai ne a Ikko, ya kawo shawarar a buɗe ofishin Nijeriya a Jidda, kuma a wannan shekara ya yi Hajji ya komo da bayanin abubuwan da alhazai ke bukata: jami'in da zai tsaya musu, da ɗakin shan magani, da masauki. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko cikin 1955, daga nan maganar ta zama ta gwamnati sosai.

Wani abu ya faru da ya hanzarta al'amarin. Cikin Nuwamba 1956, saboda harin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar kan mashigin Suwes, Saudiyya ta yanke hulɗa da Ingila, ba a kuwa maido ta ba sai 1963. Ofishin da alhajin Nijeriya ke dogara da shi ya rufe, alhali Nijeriya ba ta sami mulkin kai ba balle ta naɗa jakada. Ingila ta yi faɗan da bai shafe shi ba, shi ya kwana a ciki. Cikin wannan hali ne aka tura Malam Abubakar Gumi, mutumin Lardin Sakkwato, ya zama jami'in alhazai a Jidda cikin 1957. An kuma sami ofishin alhazai a Hartum. Saboda haka ofisoshin alhazai na cikin ofisoshi na farko da Nijeriya ta mallaka a waje tun kafin 1960, kuma ana iya cewa aikin jakadancin ƙasar nan a ƙasashen Larabawa daga hidimar alhazai ya tsiro.

A Sudan ma ƙasa ta motsa a ƙarƙashin mazauna. Sudan ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 kuwa ta shar'anta cewa sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Jama'ar Mai Wurno da duk waɗanda suka biyo bayansu sun iso ne bayan wannan rana. Aka wayi gari da mutanen da aka haifa a Jazira, ba su taɓa ganin Sakkwato ba, Sudan ba ta lissafa su nata ba, Nijeriya kuma ba ta da sunansu a littafi. An sassauta wannan sharaɗi daga baya, amma tabon ya daɗe.

A gida, Jihar Yamma ta kafa hukumar jin daɗin alhazai cikin 1958, Jihar Arewa ta kafa tata cikin 1965. Cikin 1963 aka yi dokar shige da fice wadda ta tsai da ma'aikatar a ƙarƙashin Ministan Harkokin Cikin Gida, ministan kuwa a lokacin shi ne Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ne hedkwatar ƙaramar hukumar da Kajiji ke ciki a yau. A wannan shekara dai, ranar 24 ga Afrilu, ƙasashen duniya suka sa hannu a Yarjejeniyar Biyana kan aikin ƙananan jakadu. Sashe na 5 ya jera ayyukansu, ciki har da ba da fasfo da kare gadon mamaci da kula da marayu. Sashe na 36 ya ce in an kama baƙo, wajibi ne a sanar da shi cewa yana da ikon a gaya wa ofishin ƙasarsa, kuma jami'in ofishin yana da ikon ziyartarsa. Abin da fatoma ke yi don mutunci ya zama haƙƙi rubutacce.

5.0 Bayan Mulkin Kai

Kuɗin man fetur ya ninka yawan alhazai. Gwamnatin tarayya ta karɓe aikin daga hannun 'yan kwangila da Doka ta 16 ta 1975, wadda ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. Cikin 1977 alhazan Nijeriya sun haura dubu ɗari. An yi ta sake wa hukumar suna da tsari, har aka kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa da ake da ita yanzu da dokar 2006. Ofishin jakadancin Nijeriya yana Riyad, ƙaramin ofishin kuwa yana Jidda.

Ranar wahala ake sanin amfanin irin waɗannan ofisoshi, kuma ƙasar Sakkwato ta ga ranaku irin waɗannan. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kawo su Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa, ya faɗi, mutum 261 da ke ciki duka suka rasu. Cikin 1996 Saudiyya ta hana alhazan Nijeriya shiga saboda annobar sanƙarau. Cikin Satumba 2012 aka tsare mata alhazai fiye da dubu a filayen jirgin Jidda da Madina bisa dalilin rashin muharrami, aka komo da da yawa daga cikinsu, har gwamnati ta ɗora wa Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, jagorancin sasanta maganar. Saudiyya ta sassauta sharaɗin muharrami cikin 2021 da 2022. Ranar 24 ga Satumba 2015 aka yi turmutsitsin Mina, inda 'yan Nijeriya fiye da 270 suka rasu, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin waɗanda suka fi kowa hasara. Makonni aka yi jami'ai na bin asibitoci da ɗakunan ajiye gawa suna gwada hotuna da sunaye. Iyalin da ke zaune a ƙauye suna jiran labari ba su da wata hanyar sanin ko nasu yana raye sai ta wannan lissafi, kuma a kansa ne takaba da rabon gado suka rataya.

Sudan, wadda ta kasance zangon alhazan ƙafa, ta koma wurin karatun ɗaliban Arewa. Da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023, sai da gwamnati ta yi hayar motoci ta kwashe ɗalibai zuwa iyakar Masar da Fot Sudan, suka yi kwanaki a bakin iyaka kafin jirage su fara sauke su Abuja a farkon watan Mayu. Wanda yake da fasfo ya hau mota. Jikokin mutanen Mai Wurno da na 'yan ƙodagon Jazira, waɗanda yaƙin ya iske garuruwansu daga baya, ba su cikin wannan lissafi, domin a takarda 'yan Sudan ne, ko kuwa ba 'yan ko'ina ba.

Ya kamata a tuna kuma cewa abin da ya sami ɗan Nijeriya a waje, Nijeriya ma ta yi wa baƙinta. Cikin Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Hausawan zango da Yarabawa da yawa suka bar gidaje da rumfuna. Cikin Janairu 1983, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, Nijeriya ta ba da irin wannan umarni, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana. A duka biyun, ofisoshin jakadanci sun kasa ɗaukar nauyin jama'ar da ta taru a ƙofarsu cikin 'yan kwanaki.

6.0 Abin da Harshe Ya Adana

Wannan tarihi ya bar sawunsa a cikin Hausa. Kalmar takari ta samo asali daga Takrur, sunan wata tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal, wanda Larabawan Masar da Hijaz suka faɗaɗa ya game duk Musulmin Afirka ta Yamma. Da suna ne na daraja, har Muhammadu Bello ya sa shi cikin sunan littafinsa Infaƙul Maisuri, inda ya kira ƙasashen nan Biladut Takrur. A bakin Bahaushen yau kuwa, takari shi ne wanda ya je Saudiyya ya ƙi komowa, yana zaune ba igama, yana wanki ko dako ko aikatau, yana ɓuya kada a kama shi a kai shi tarhil. Kalmar ta sauko daga sunan al'umma ta zama sunan marar takarda. A Sudan kalmar Fallata, wadda asalinta sunan Fulani ne a bakin Barebari, ta bi irin wannan hanya.

Kalmomin fasfo da biza sun shigo daga Ingilishi, igama da tarhil daga Larabcin ofis, madugu da jagaba da fatoma kuwa sun koma cikin littattafai ko sun sami sabuwar ma'ana a siyasa. Shi kansa laƙabin Alhaji ya canza nauyi. C. Bawa Yamba, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Hausawan Jazira ya buga littafinsa cikin 1995, ya tarar da mutanen da kakanninsu ne suka baro gida, amma har lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kafin 1903 mutumin Kajiji yana dogara ne da madugu da fatoma, waɗanda ba su da ƙarfin hukuma amma suna karɓar kowa. Zamanin Turawa ya sami ofishi mai ƙarfi wanda aka kafa don tsaron mulki da tsoron annoba, taimako ya biyo baya. Daga 1957 ya sami jami'in da ke jin harshensa, daga 1963 kuma haƙƙinsa ya shiga yarjejeniyar duniya. Ribar a fili take: tafiyar da kan ci rayuka da shekaru ta zama ta mako shida, kuma in mutum ya rasu iyalinsa za su ji.

Hasarar ita ce taimakon ya rataya ga takarda, takarda kuwa ta rataya ga kuɗi da sani. Alhajin hukuma yana da jami'i da likita da malami. Matar da dillali ya yi wa bizar Umara ya karɓe fasfonta, da saurayin da ya bi ta Agadas ya nufi Libiya ko Aljeriya, su ne magadan alhazan ƙafa, su ne kuma suka fi bukatar mai tsaya musu. Yawancinsu ba su san cewa ofishin ƙasarsu yana iya ba su takardar komawa gida ta gaggawa ko da fasfo ya ɓace ba, ba su kuma san cewa in an kama su suna da ikon neman a sanar da shi ba. Bayanin waɗannan haƙƙoƙi da Ingilishi yake, a ofisoshin da ke birane. Fassara shi zuwa Hausa da Fulatanci, da boko da ajami, da kai shi rediyo da masallatan Juma'a da tashoshin mota, aiki ne da ya dace da sassan koyar da harsunan Nijeriya.

Akwai kuma aikin da ke jiran ɗaliban tarihi. Takardun Lardin Sakkwato da ke Gidan Adana Tarihi na Kaduna da Ofishin Tarihi na Waziri Junaidu sun ƙunshi abin da hukuma ta gani. Abin da matafiyi ya gani yana bakin tsofaffin da suka yi Hajjin mota a shekarun 1950, da zuriyar waɗanda suka tafi ba su komo ba. Irin waɗannan tsofaffi sun yi ƙaranci ƙwarai a garuruwa irin su Kajiji da Boɗinga da Sifawa, saboda haka ɗaukar maganarsu ya fi kowane sashe na wannan bincike gaggawa.